Daga Gwiwa Zuwa Ƙasa

Mu uku ne a rukunin, kuma tun ranar farko kanmu bai haɗu ba. Madam Serwaa, malamarmu a sashen wasan kwaikwayo, ta ba 'yan shekarar ƙarshe aiki: kowane rukuni ya shirya wasa na minti ashirin don yara 'yan shekara uku zuwa biyar, ya yi bincike a kansu, ya gwada wasan a gabansu, sannan ya nuna wa masu jarrabawa. Sauran rukunonin duk suka ruga makarantar 'ya'yan malamai da ke cikin jami'a. Tana kusa, akwai fanka, akwai 'yan kujeru masu launi, yaran kuma sun saba da 'yan dirama har sun san inda ake tafi ba sai an ce musu ba. Ni na ce Moshi Zango za mu, kuma da Hausa za a yi.

Sunana Habsatu, a unguwar Moshi Zango ta Kumasi aka haife ni, kuma sai da na shekara goma sha tara na fara ganin wasan kwaikwayo da mutane a tsaye gabana, ba a talabijin ba. Ranar na koma gida da haushi maimakon murna. Abu yana nan a garinmu duk shekarun nan, tafiyar trotro biyu kacal, motar hayar cikin gari, amma ba wanda ya taɓa tunanin ya kawo mana. Wannan haushin ne ya kai ni sashen, shi ne kuma ya sa na kafe a kan maganata.

Sumana ne ya fara tirjewa. Shi mutumin garin Wa ne can arewa, a Kumasi ya koyi Hausa wajen kawunsa makanike a Magazin, unguwar masu gyaran mota, saboda haka Hausarsa ba ta san mace ba, kowa "kai" ne a bakinsa, har kakata. Dogo ne, kuma duk ajinmu ba wanda ya kai shi iya sarrafa fuska. Yana iya ɗaga gira ɗaya ya bar ɗayar tana hutawa, kuma yana ji da wannan baiwa fiye da kima.

"Habsatu, kai kana da taurin kai paa," in ji shi. "Shekara hudu muna shan wahala, sai a karshe ka zuba mu a gota? Yaran Zango ba su san dirama ba koraa, ko kadan."

"Ai shi ya sa za mu je," na ce.

Na ukunmu Shakiru ne, ɗan unguwar Aboabo, mai ɗaukar bidiyo da wayarsa. In ana gardama yakan yi shiru ya ga inda za ta karkata. Ya ce a gwada. Sumana ya yarda da ƙyar, yana ƙunƙuni har bakin ƙofa.

Wurin da na zaɓa makarantar Hajiya Safia ce, inda ni ma na koyi Fatiha. Ɗaki ne babba a cikin gidanta, da tabarmi, da tsakar gida mai siminti. Matan da ke sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da koko, da masu sammakon kasuwar Kejetia, a nan suke ajiye ƙananansu da safe su ɗauka bayan azahar. Yara talatin da biyu. Hajiya ta haura saba'in, ba ta ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin ta bugi yaro ba. Tari kawai take yi, ɗaki ya ɗauke wuta. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayanin abin da muke so. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta amsa.

"Babu ganga, babu rawa," ta ce. "In kun kiyaye wannan, ku zo."

Madam Serwaa ta ba kowane rukuni takardar lura. Daga binciken mutanen waje aka samo tsarin: kowane minti ɗaya a ƙirga yara nawa ne suka ɗaga fuska suna kallon 'yan wasa. In ba su kai rabi ba, wasan bai kama su ba. Mun karanta duk abin da ta ba mu, mun haddace cewa hankalin ɗan shekara huɗu ba ya daɗewa a wuri ɗaya, yana son launi, yana son maimaici, yana son fuskar da ke nuna komai a fili. Muka rubuta labarin kaza da ta ɓatar da ɗan tsakonta. Ni ce kazar, Sumana ne muzurun da ake zargi. Sati uku muna gwaji a gaban madubi, muna buɗe ido, muna murguɗa baki, har muƙamuƙina ya riƙa ciwo.

Ranar gwajin farko yaran suka zauna layi-layi a kan tabarma, hannu a naɗe bisa ƙirji. Hajiya tana gefe a kujerarta. Muka yi minti ashirin cur, ba wanda ya motsa, ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya nemi fitsari. Na fito gumi yana zuba ta cikin fenti, kaina ya kumbura.

"Kun ji shirun nan?" na ce da su a bakin titi. "Yaran jami'a za su iya zama haka? Sumana, sai ka ba ni haƙuri."

 Sai da muka zauna a rumfar mai koko Shakiru ya miƙo mini wayar. Ya jingina ta ne a taga, tana fuskantar yaran, domin mu cike takardar lura daga baya. Na kalli minti na farko, na biyu, na ja zuwa na goma. Tsakiyar kawuna kawai nake gani, kitso da aski da 'yan hijabai. Duk ɗaga girar Sumana da duk zare idona, ba yaro ɗaya da ya ɗago ya gani. Na sake ja zuwa ƙarshe ko zan samu ko fuska ɗaya in riƙe. Babu. A layi ashirin na takardar muka rubuta sifili sau ashirin, kuma da hannuna na rubuta.

Kunya ta kama ni sosai, ba don wasan ya faɗi ba, sai don fankamar da na yi a bakin titi. Ni da na tashi a kan wannan tabarmar, na ɗauki ladabi na ce kallo ne.

Madam Serwaa ta duba takardar a ofishinta, ta kalli bidiyon, ta cire tabarau. Da Turanci ta yi magana, a hankali, don ba ta da mugunta.

"Waɗannan yaran ba kallo suke ba, haƙuri suke da ku," ta ce. "Saura sati shida jarrabawa. Zan ba ku sati biyu ku sake gwadawa, kuma zan zo da kaina. In bai yi ba, ku koma makarantar cikin jami'a, ku yi da Turanci kamar kowa. Ba zan bar mutum uku su faɗi saboda zuciyar mutum ɗaya ba."

A waje Sumana ya tsaya gabana. Bai yi mini dariya ba, wannan ya fi ba ni haushi.

"Ka ji dai," ya ce. "Sati biyu. In ya fadi, ba gardama kuma."

"Na ji."

"Ka ce wallahi."

Na ce wallahi, raina yana tafasa.

Dabararsa ta farko ita ce a saya musu alewa, a ce duk wanda ya ɗaga kai ya kalle mu zai samu. Muka je wurin Hajiya da maganar, ban so ba amma na raka shi. Ta saurare shi har ya gama.

"Ɗana, uwayensu sun kawo mini su ne in koya musu zama da manya," ta ce. "Yaro ya tsaya yana ƙare wa babba kallo cikin ido, ba a gidan nan ba. Ku yi wasanku yadda kuka same su, ko ku bar shi."

Muka fito Sumana yana cewa shi ke nan, magana ta ƙare. Ni kuwa na koma ciki na roƙi Hajiya ta bar ni in riƙa zama da yaran, ba wasa, ba komai, zama kawai. Ta ce tabarma ba ta ƙi kowa ba.

Ranar farko a kan benci na zauna da littafina, ban ga komai ba sai abin da wayar Shakiru ta riga ta nuna mini. Rana ta biyu na sauka ƙasa na miƙe ƙafa a ƙarshen layi. Daga nan ɗakin wani iri ne. Ana ganin ƙasan ƙofa, da ƙafafun kujerar Hajiya, da wata tururuwa da ke jan ɓarɓashin biskit, yara shida suna bin ta da ido ba tare da wuyansu ya motsa ba. In wani ya nufo ƙofa, kafin ya yi sallama sai in ji raɗa tana yawo: "Mman Fadil ne." Ko, "Mai ruwa ne." Kuma ba sa kuskure. Na yi ta mamakin yadda suke ganewa alhali ba sa ɗaga kai.

Rana ta uku wata 'yar mitsitsiya da ke kusa da ni ta matso. Hikima sunanta, shekararta huɗu, uwarta tana soya ƙosai a bakin tasha. Ba ta kalle ni ba, da yatsa ta nuna.

"Anti, jiya ja ne," ta ce a hankali.

"Mene ne ja?"

"Calewaten ki. Yau kore."

Calewate su ne silifas ɗin roba da kowa ke sawa a garin nan. Jiya na ƙanwata na saka, ja, yau nawa, kuma tun a ƙofa na cire su. Na tambaye ta ko ta tuna mutanen da suka zo suka yi wasa. Ta ce eh. Akwai mai babban yatsa da ya fashe, akwai mai zoben ƙafa. Mai zoben ƙafa ni ce. Na ce, to kazar fa? Ta ce wace kaza?

 Sai na gwada kaina. Shekara huɗu Madam Serwaa tana koya mini. Na san takalmanta kaf: baƙi mai ɗan tudu, ruwan ƙasa mai igiya, da fari na ranar Juma'a wanda dugadugansa suka ci ta gefe ɗaya. Na tambayi kaina ko tana da wushirya, na rasa amsa. Sau nawa ta rubuta a takardata cewa ba na kallon mutane in ina magana, ni kuma ina ganin tsangwama ce kawai.

Na kira Shakiru na ce ya zo da wayar yanzu-yanzu. Muka sake kallon bidiyon a inuwar gidan Hajiya, wannan karon ba fuska muke nema ba. Ya ja hoton ya matso da shi. Kawunan suna sunkuye, haka ne, amma ba a tsaye suke ba. In Sumana ya yi dama, su yi dama gaba ɗaya. In ya yi hagu, su bi shi. Wurin da muzuru ya yi sanɗa a kan yatsu, wani yaro har ya janye ƙafarsa ya ɓoye ƙarƙashin riga.

"Cale," in ji Shakiru, yadda samarin garin nan ke kiran aboki, "suna kallo fa."

"Tun farko suna kallo," na ce. "Mu ne muka ajiye wasan inda ba a yarda su duba ba."

Washegari na shimfiɗa musu shirina. Za mu yar da kaza da muzuru. Za mu rataye labule ya rufe mu daga sama, a bar fili daga gwiwa zuwa ƙasa. Yaran ba za su ga babba ko ɗaya ba balle su ji nauyinsa. 'Yan wasan kuma takalma ne. Labarin ɗan calewate ne ƙarami da ya rabu da ɗan'uwansa a ƙofar gidan biki, yana bin takalman manya ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Duk yaron da ke ɗakin nan ya taɓa tsayawa a ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya yana neman ɗayan.

Sumana ya kalle ni.

"Wato fuskana ba za a gani ba," ya ce.

"Ko kaɗan."

"Shekara hudu ina gyara fuskan nan."

"Babban yatsanka suka riƙe, Sumana. Wanda ya fashe."

Shakiru ya yi dariya har ya ƙware. Sumana bai yi ba, amma zan faɗi gaskiya a kansa: in ya ga aiki, yana yi. Ya ce bai yarda abin zai yi ba, amma ya yi alkawarin sati biyu, ba zai ci rabin alkawari ba. Shi ya kai mu Magazin wurin kawunsa, muka ratsa tsakanin gawarwakin motoci da ƙarar guduma, aka yi mana waldar firam ɗin rataye labule na bututu mai ƙafa biyu wanda ake kwancewa ya shiga trotro. A can ya samo wasu tsofaffin takalman but na makanike, baƙin mai ya ratsa su, bakin ɗaya ya buɗe. Ni na aro takalma masu tsini na wata amarya a gidanmu, masu ƙyalli. Ɗan calewaten kuwa shuɗi ne, na ɗan shekara uku, na ɗaure shi a bakin siririyar waya mai ƙarfi ina juya shi daga bayan labule ina kwance rubda ciki.

Kwana takwas muna koyon abin da ba a taɓa koya mana ba: yadda takalmi ke jin tsoro, yadda yake fushi, yadda yake tambaya. Shakiru yakan kwanta a ƙasa, haɓarsa a kan siminti daidai tsayin idon yaro a zaune da sunkuyayyen kai, ya ce mana abin da ke fitowa da wanda ba ya fitowa. Muka gane in but ya ɗaga baki a hankali ya sauke, ya fi kowace magana. Muka rage kalmomi har suka koma goma sha biyu. Gwiwar hannuna ta saluɓe, na ɗaure da tsumma na ci gaba.

Saura kwana biyu na je na gaya wa Hajiya. Tana jin kalmar takalmi ta ajiye carbi.

"A ɗakin da ake karatun Alƙur'ani?"

Wannan ban yi tunaninsa ba, ni da ya kamata in fi kowa sani. Na ce za mu wanke su da omo. Ta ce ko da zamzam. Na ce to a tsakar gida fa, yaran su zauna a baranda a kan tabarma, takalman suna ƙasa a kan siminti inda takalma suka saba zama. 

"Ke dai tun kina ƙarama ba kya jin bari," ta ce. "A tsakar gida. Ni zan zauna ne don su natsu, ba don kallo ba."

Ranar Laraba da hantsi Madam Serwaa ta sauka a trotro da takardar lura a hannu, ta cire takalmi ta gaida Hajiya da 'yar Hausarta ta kasuwa, aka ba ta benci. Yaran suka fito suka zauna a baranda layi-layi, hannu a ƙirji. Muka shiga bayan labule. Daga inda nake kwance ba na ganin komai sai siminti da bakin tabarma da jerin 'yan yatsun ƙafa. Na san in wannan ya faɗi, na rantse, kuma ba zan sake samun bakin cewa a zo Zango ba.

Na turo ɗan calewaten ya leƙo. Ya duba dama, ya duba hagu, ya yi tsalle ɗaya ya tsaya. Na ce da ƙaramar murya, "Ina ɗan'uwana?" Shiru. Takalman amarya suka shigo, Shakiru ne a ciki yana tangaɗi, ƙwas ƙwas ƙwas, suka zagaye shi suka wuce ba su kula shi ba. Na ji wani ɗan sauti daga baranda, kamar dariyar da aka danne da tafin hannu. 'Yan yatsun da ke bakin tabarma suka fara lanƙwashewa. Amma ba wanda ya yi magana, kuma na san Madam tana can tana neman fuskoki, fuskokin kuma suna ƙasa.

Sai but ɗin Sumana suka shigo, dim, dim. A gwaji, yakan tako kusa da calewaten ya tsaya, calewaten ya ja da baya yana rawar jiki. Ranar ya tako da ƙarfi fiye da yadda muka saba, bakin but ɗin da ya buɗe ya kama wayar, ya fizge. Calewaten ya tsinke, ya tashi sama, ya faɗo can gaban labule, tsakanin mu da baranda. A kife ya faɗo, tafinsa yana kallon sama.

Na miƙa hannu iyakar tsawonsa, saura kamu biyu. Na gwada da wayar, ta lanƙwashe. In na fito, babba ya bayyana, komai ya rushe. Sumana ya daskare a tsaye, ina jin numfashinsa a samana. Na kifa goshina a siminti na ce a raina shi ke nan, an gama.

A gidajenmu ba a barin takalmi a kife. Ko na waye, ko kana sauri, in ka gani sai ka juya shi. Kafin yaro ya iya ɗaura wando an riga an koya masa wannan. Kuma an koya masa in babba ya zaunar da shi ba ya tashi sai an ce ya tashi. Yanzu ga yara talatin da biyu, ga takalmi a kife a gabansu, ga Hajiya a kujera.

Na ɗago kai na leƙa ta ƙasan labule. Yatsun nan duk sun ƙanƙame tabarma. Wani yana jijjiga gwiwa. Na ji raɗa, "Ya kife." Wata ta amsa, "A juya shi." Wani ƙarami ya fara shessheka. Ba a taɓa yin shiru mai nauyi irin wannan a wani wasa da na yi ba, kuma ba ni na shirya shi ba.

Sai ƙafafu biyu suka sauko daga baranda. Ƙanana, da ɗan ƙunshi da ya fara gogewa. Suka tako a hankali, suka tsaya, suka ƙara takowa. Hikima ce. Ta tsuguna, ta sa hannu biyu ta juya calewaten, ta share masa ƙura da gefen hijabinta. Ta dube shi, ta dubi but ɗin da ke tsaye a bakin labule. Sai ta ɗaga hannu ta ɗala wa but ɗin duka a baki.

"Ba kyau," ta ce masa.

Allah ya yi wa Sumana albarka. But ɗin ya ja da baya, ya sunkuyar da baki, ya juya gefe ya ɓuya bayan ɗan'uwansa. Baranda ta fashe. Dariya, ihu, "Ƙara masa!", "Ya ji tsoro!" Hikima ta turo mini calewaten har bakin labule, na kama shi da yatsu biyu na ci gaba da hannu, ba waya. Daga nan ba mu ne ke jan wasan ba. Su suke gaya wa calewaten inda zai duba, su suke gargaɗinsa in but ya matso. Da ɗan'uwansa ya fito daga ƙarƙashin bokiti, wani yaro ya rungume na kusa da shi. Ina kwance a siminti hawaye yana zuba mini, ina yin muryar takalmi.

Hajiya ta yi tari ɗaya bayan mun gama, suka koma ɗaki. Muka fito daga bayan labule duk ƙura. Madam Serwaa ta nuna mini takardar lurar. Ta fara cike layi uku na farko da sifili, daga nan ba ta sake rubuta komai ba.

"Wannan takardar ba ta san yaran nan ba," ta ce. "Ku rubuta wata, ku kawo mini Litinin. Ita ce rabin bincikenku." Sai ta rage murya. "Amma ba ni ke da gidan ba."

Gaskiyarta. Yarinya ta tashi ba izini, yara sun yi ihu a gidan da ba a ihu. Hajiya tana kujerarta ba ta motsa ba, carbi a cinya. Na je na durƙusa gabanta, ina kallon ƙafafunta, na fara ba da haƙuri. Na ce kuskure ne, waya ce ta tsinke, ba mu shirya haka ba.

"Da gangan ko ba da gangan ba, kun daɗe," ta ce.

"Na'am, Hajiya?"

"Kun bar shi a kife ya daɗe. Da yarinyar nan ba ta tashi ba, ni zan tashi, da ciwon gwiwata da komai." Ta ɗauki carbinta. "Ranar da manyanku za su zo, in za ku kifar da shi, ku kifar. Amma kada ya kai haka. Yara ne, zuciyarsu ba ta da girma."

 Na ce na gode sau uku ko huɗu, ta ce in tashi in wanke hannuna, jini yana fita ta tsumman.

A bakin famfo Shakiru ya duba bidiyon ya ƙirga. Daƙiƙa arba'in da ɗaya calewaten ya yi a kife. Murna nake, amma na ji shesshekar yaron nan kuma na san mu muka jawo ta. Sumana yana zaune a kan bokiti yana kwance igiyar but, bai kalle ni ba.

"Arba'in ya yi yawa," ya ce. "Ashirin da biyar. In ba wanda ya tashi, ni zan juya shi da kafa, kamar but ya yi nadama."

"Hikima za ta sake tashi."

"Ba Hikima muke so ba, wani muke so. A zaunar da Hikima baya." Ya zare but ɗin ya girgiza yashi. "Kuma wayan nan ba shi da karfi. Gobe zan koma Magazin a ba mu mai kauri. Karfe nawa za mu hadu?"

Na ce ƙarfe bakwai, ya ce bakwai da rabi, muka tsaya a bakwai.